Tsaka Biyu a Akwatin Mai Gilashi

Wutsiyar tana ta mutsu-mutsu ita kaɗai a kan yashi lokacin da Mai gilashi ya ɗaga murfin akwatin, da gwangwanin tsutsa a hannunsa. Da farko ya ɗauka wata tsutsar ce ta jiya da ta tsallake rijiya da baya. Sai da ya gyara zaman tabaransa ya sunkuya, sannan ya ga ɗige-ɗigen da ke jikinta, ya ga jan naman da ke wurin da ta rabu da mai ita. Ya ajiye gwangwanin.

Mai wutsiyar tana can maƙure a kusurwa, bayan kwanon ruwa, haƙarƙarinta na hawa da sauka. 'Yar'uwarta kuwa tana shimfiɗe a kan dutsen da ke ƙarƙashin fitila, ido a lumshe, kamar ba a gabanta aka yi ba.

"Ke kika yi wannan aikin?" ya tambaye ta, da muryar da yake yi wa mai saye magana idan ya fasa masa kaya a shago. Ko gezau ba ta yi ba.

Tsaka biyu ne, amma ba irin waɗanda ke bin bango ana bin su da tsintsiya ba. Waɗannan na kiwo ne, rawaya masu ɗigon baƙi, da wutsiya mai kauri, da fuska kamar kullum murmushi suke yi. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta sayo su suna 'yan mitsi-mitsi, tsawon kowace bai wuce ɗan yatsa ba. Ranar da ta shigo da su ya dube ta, ya dubi abin da ta riƙo, ya ce mutane na kashe kuɗi su kori ƙwari daga gida, ita kuma ta kashe nata ta kawo masu cin ƙwari, har da ƙwarin a gwangwani. Ta yi dariya, ta raɗa musu sunayen da bai taɓa iya riƙewa ba. Daga baya ma sunan bai zama dole ba, don ɗaya ta yi gaba a girma ta bar ɗaya, suka koma babbar da ƙaramar.

Ba a daɗe ba Auta ta tafi sanin makamar aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, a garin da sai an wuni a mota kafin a kai. Masaukin ɗalibai ba ya karɓar dabba ko da ba ta fi ƙuda ba, don haka ta bar masa su cikin akwatunan roba biyu, kowane da 'yar fitilarsa. Tana bakin ƙofa da jaka a kafaɗa ta juyo.

"Baba, kowace a akwatinta. Don Allah kada ka haɗa su."

"To," ya ce.

Shi kuwa "to" ɗin Mai gilashi iri biyu ne, kuma duk gidan an san da haka. Akwai na na ji zan yi, akwai na na ji dai.

Akwatunan robar nan su suka fara tsone masa ido. Mutumin da ya yi furfura yana yankan gilashi, wanda tagogin rabin layinsu aikin hannunsa ne, a ce a falonsa akwai roba mai dishi-dishi duk ta kakkarce? Sannan ga abin da bai faɗa wa kowa ba. Tun rasuwar matarsa gidan ya yi masa girma. Manyan 'ya'yan sun yi aure sun watse, Auta ce ta rage, ita ma ga shi ta tafi. Da yamma sai ya zauna da kwanon abinci a cinya, ya dubi wannan tsakar tana kallon bangon robarta, ya dubi waccan tana kallon nata, sai ya ajiye kwanon. Mu uku a ɗaki ɗaya, kowa a akwatinsa, haka yake cewa a ransa. Tausayi ya kama shi, kuma da za a tambaye shi zai rantse tausayinsu ne.

Sai ya ɗauko gilashi mai kauri da ya rage daga aikin gaban wani kanti, ya yanka, ya goge gefunan sumul, ya haɗa da gam, ya fitar da akwatin da ko kifin attajiri bai samu irinsa ba. Ya zuba yashi, ya ajiye faffaɗan dutse ɗaya a ƙarƙashin fitila ɗaya, ya kife fasasshiyar tukunyar fure ta zama kogo. Akwatunan robar kuma ya miƙa wa maƙwabcinsa na shago, Mai walda, shi kuma ya zuba ƙusoshi da notuna. Tun ranar da ya haɗa su, kullum sai ya tarar da ɗaya kwance a kan ɗaya bisa dutsen, kai a kan kai. Daɗi ya ishe shi. Ya ɓoye wa Auta zancen, yana jiran ranar da za ta shigo ta gani da idonta, ta ce ashe Baba ya fi ta sanin dabbobinta.

Ranar dawowar kuwa ita ce duk maganar. Asibitin can sun yi wa Auta tayin aiki na dindindin, har da ɗaki nata na kanta, suna jiran amsa kafin wata ya ƙare. Da ta gaya masa a waya, da 'yar ƙaramar murya, bai bari ta kai aya ba.

"Me za ki zauna yi a can ke kaɗai? Nan babu asibiti ne? Ga ɗakinki na sa an yi masa fenti, ga 'yan tsakarki kullum suna leƙen ƙofa."

Ta ce, "To, Baba."

Ya san sarai 'yan dabbobin nan su ne igiyar da yake riƙe yarinyar da ita. Idan ƙaramar ta mutu a akwatin da aka roƙe shi kada ya yi, da wane baki zai ce mata ta bar aiki ta dawo gida?

Ya wanke robar da yake zuwa da abinci shago, ya huda murfin da ƙusa, ya shimfiɗa tsumma mai laushi. Da ya tallafo ƙaramar a tafin hannunsa sai ya ji kamar bai ɗauki komai ba. Yaushe ta rame haka? Kullum yana zuba tsutsa, kullum kwanon yana komawa wayam, bai taɓa tsayawa ya ga bakin da ke cinyewa ba. Wutsiyar ma ya naɗe ta a takarda ya sa a aljihu, don a sana'arsa ba a zubar da ɓallin abin da ya fashe sai an gwada ko zai koma.

Shagonsa na kan hanyar tashar bas. Mai walda, wanda suka shekara da shekaru bango ɗaya ya raba su, ya hango shi zai wuce, ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa.

"Baban Auta, yau ba za a buɗe ba ne? Matar nan mai madubi ta zo ta koma."

"Ta dawo gobe. Asibiti za ni."

"Subhanallahi. Jikin ne?"

"Ba ni ba ne."

Ya ɗan ɗaga murfin robar. Mai walda ya leƙa, ya ja da baya har ya yi tuntuɓe da wayar injinsa.

"Wai tsakar ce za a kai asibiti? Ni da nake fama da ciwon baya tun bara, ka taɓa cewa zo in raka ka?"

"Bayanka ba amana aka ba ni ba."

"Ina wutsiyar?"

"Tana aljihu."

Mai walda ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Kawo in ɗana mata wuta, yanzun nan ta kama."

Mai gilashi bai yi dariya ba. Da Mai walda ya ga fuskarsa sai ya haɗiye sauran tasa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce ya tafi kawai zai riƙa leƙa masa shagon.

Bas ɗin a cike yake maƙil. Ya samu wuri a jikin taga, ya tura robar cikin rigarsa ya manna ta da ciki don ta samu ɗumi. Wani ƙaton mutum mai jakar kayan aiki ya zauna kusa da shi, kuma ba a yi nisa ba barci ya kwashe shi. Kansa ya fara lilo, ya zo ya sauka a kafaɗar Mai gilashi, sannan sauran jikin ya biyo baya. Mai gilashi ya matsa, mutumin ya matso. Ya ƙara matsawa har haƙarƙarinsa ya haɗu da ƙarfen tagar, babu sauran inda za shi. Hannunsa ya mutu, numfashi ya yi masa wuya, amma kunya ta hana shi tashin bawan Allah. Wata mata da ke tsaye a kansu ta dube su ta yi murmushi.

"Ɗanka ne, Baba? Ya gaji da yawa."

"Ban san shi ba," ya ce da ƙyar.

A asibitin dabbobi ya zauna a benci tsakanin wata mata mai kyanwa a kwando da wani saurayi da karensa ke ɗingishi. Wurin na warin maganin wanke ƙasa. Kowa na leƙa abin da kowa ya kawo, shi kaɗai ya dafe murfin robarsa da hannu biyu, ya kafa wa bango ido har aka kira shi.

Likitar ba ta girmi Auta da yawa ba. Ta ja masa kujera.

"Sannu da zuwa, Baba. Wa muka samu?"

Ya buɗe robar, sannan ya zaro takardar daga aljihu ya warware ta a kan tebur a hankali.

"Ga ragowar nan. Ban sani ba ko ana ɗinkewa."

Ba ta yi dariya ba, kuma ya gode mata a ransa.

"Ba a mayarwa, Baba. Ita ta yar da ita da kanta. Haka suke yi idan aka cije su, ko tsoro ya kai musu iya wuya. Wata za ta fito, sai dai ba za ta yi kyan ta farko ba."

Ta ɗora ƙaramar a kan sikeli, ta ɗan yamutsa fuska. Ta juya ta a tafin hannu, ta haska bayanta da 'yar tocila, ta nuna masa wasu ƙananan tabo a wuya da ƙugu waɗanda shi duk zamansa ya ɗauka cikin ɗigon jikinta ne.

"Ita kaɗai ce a akwatinta?"

"Su biyu ne. Amma fa lafiya lau suke zaune," ya yi saurin cewa. "Ba ki ga yadda suke son juna ba. Kullum tare suke kwanciya, ɗaya a kan ɗaya."

"Wace ce a sama?"

Ya buɗe baki zai ce ai musanyawa suke yi. Ya lalubi ko rana ɗaya da ya ga ƙaramar a sama, bai samu ba. Ya rufe bakinsa.

"Fitila nawa ce a ciki?"

"Ɗaya."

"Wurin kwanciya fa?"

"Dutse ɗaya. Amma faffaɗa ne, ni na zaɓo shi da kaina."

Likitar ta mayar da ƙaramar kan tsumman, ta jingina da tebur.

"Baba, su jikinsu ba ya yin ɗumi da kansa. Sai sun kwanta a wuri mai ɗumi abin da suka ci yake narkewa. Wadda ke sama ba rungumar ta ƙasa take yi ba, tare mata fitilar take. Ta ƙasan ta rasa ɗumi, ta kasa cin abinci, ɗayar ta cinye rabon su biyu ta ƙara girma, ta ƙara danne ta. Ƙarfinsu kuma a wutsiya suke tara shi. Yanzu ga shi wannan ma ya tafi."

Kafaɗarsa, wadda ƙaton nan ya kwanta a kai, har yanzu tana masa tsami. Ya kai hannu ya shafa ta.

"To amma ba ta taɓa nuna mini ba," ya ce. "Ko sau ɗaya ban ji kukanta ba."

"Ba su da bakin ƙorafi. Ɓuya kawai suke yi, su daina ci."

"Ni gani na yi kamar kaɗaici yana damunsu."

"Ba sa jin kaɗaici, Baba. Mu ne muke ji, sai mu ɗora musu."

Tana matso magani a kan auduga ta faɗi haka, ba ta ma dube shi ba, ba ta kuma san inda maganar ta sauka ba. Ya ji kunya irin wadda rabonsa da ita tun yana koyon aiki, ranar da ya yanka gilashin mutane a gajarce.

"Za ta rayu?"

"In ka raba su yau. Yau fa, ba gobe ba. Akwati mai tsabta, ka shimfiɗa farar takarda maimakon yashi don kada ya shiga ciwon, fitilarta ita kaɗai. Ka riƙa miƙa mata tsutsa ɗaya-ɗaya kana kallo. In ta fara ci, to mun gode Allah. In ta ƙi, ka dawo mini da ita."

Ta naɗe wutsiyar a takardarta ta jefa a kwandon shara. Ya bi ta da kallo.

Rana ta take tsaka lokacin da ya buɗe shago. Ya ajiye robar a inuwa mai ɗan ɗumi, ya share teburin aiki, ya jawo gilashi. Nan ne kaɗai wurin da hannunsa ba ya shakka. Ya auna, ya ɗora ma'auni, ya ja ƙarfen yanka sau ɗaya da wannan siririn ƙaran da ya fi kowace waƙa daɗi a kunnensa, ya ɗan buga ta ƙasa, gilashin ya rabu tas. Zai yi mata nata akwatin, ƙarami, mai kyau, wanda Auta za ta gani ta manta da sauran. Har ya yanka ɓangare na uku, ya miƙa hannu ya ɗauko gam, sai ya tsaya. Gam ɗin nan sai ya kwana kafin ya bushe, kuma sai ya ƙara kwanaki kafin warinsa ya fita. Shi ya fi kowa sani, don shi ke yi wa masu kiwon kifi faɗa idan suka yi gaggawa.

Ya daɗe a tsaye da kwalin gam a hannu. Sannan ya ajiye shi, ya goge hannu a riga, ya zagaya shagon maƙwabci.

"Akwatunan nan da na ba ka," ya ce, yana kallon wata ƙofar ƙarfe da aka jingine. "Ina son ɗaya."

Mai walda ya kashe injinsa a hankali, irin na mutumin da aka kawo wa abin da ya daɗe yana jira.

"Waɗanne akwatuna? Na robar nan?"

"Su."

"Ba kai ka ce roba abin kunya ce a gidan mai gilashi ba?"

"Na faɗa."

"Har ka ce ko kaza ba za ka sa a ciki ba."

"Na faɗa, na ce. Za ka ba ni ko sai na durƙusa?"

"Da ciwon gwiwar taka? Wa zai ɗaga ka?"

Ya sunkuya ƙarƙashin benci ya jawo akwatin, ya juye notunan a kan buhu, suka zube da ƙara. Duk ya yi baƙi da man inji. Mai walda ya ɗebo omo da ruwan zafi daga butar shayinsa, suka tsuguna su biyu a bakin kwata suna cuɗawa, dattawa biyu a kan akwatin tsaka, masu wucewa na waiwaye. Sai da suka ɗauraye shi ya daina wari sannan Mai walda ya yi magana, ba tare da ya ɗago ba.

"Ka gaya wa yarinyar?"

"Tukuna."

"Wutsiya dai ba ta ɓoyuwa."

A gida ya shimfiɗa farar takarda, ya maƙala tsohuwar 'yar fitilar, ya sa murfin kwalba da ruwa, ya ajiye akwatin a kan teburi can nesa da babban. Da ya sauke ƙaramar a ciki sai ta daskare a inda ya ajiye ta. Ya ja kujera ya zauna. Can ta ɗaga kai, ta dubi hagu, ta dubi dama, kamar mai jiran a fito mata daga wani wuri. Ba wanda ya fito. Ta taka a hankali, tana tangaɗi don babu abin da ke daidaita ta a baya, har ta isa ƙarƙashin fitilar. Ta kwanta, ta baje cikinta gaba ɗaya, ta miƙe ƙafafunta huɗu kowace ta kama gabanta. Duk watannin nan bai taɓa ganin ta kwanta haka ba. Ya miƙa mata tsutsa, ta dube ta ta kau da kai. Bai matsa mata ba.

Yamma ta yi, hasken taga ya koma ja. Ya ɗauki waya ya ajiye, ya sake ɗauka. A ransa ya shirya labarai iri-iri: murfi ne ya faɗo mata, ko kyanwar maƙwabta ce ta shigo. Kowanne ya auna shi sai ya ga bai zauna daidai ba. Ya danna lambar.

"Baba! Ina wuni? Yanzu na fito daga aiki."

"Lafiya lau. Auta, ki samu wuri ki tsaya, magana zan yi miki."

Ya faɗa mata duka, bai rage ba: akwatin da ya haɗa, dutse ɗaya, fitila ɗaya, wutsiyar, likita, robar da ya je ya roƙo. Yana magana yana jiran ta ɗaga murya, don da ta yi masa faɗa da ya ji sauƙi. Ta can ɓangaren sai ƙarar motoci kawai yake ji.

"Tana numfashi sosai?" ta tambaya daga ƙarshe.

"Tana yi. Tana kwance ƙarƙashin fitilarta."

"To alhamdulillahi." Ta ja hanci. "Baba, ai na san ka haɗa su."

"Wa ya gaya miki? Mai walda?"

"Ba kowa. Hoton da ka turo mini kwanaki, wanda ka ce in ga yadda babbar ta yi ƙiba a kan dutse. Ƙafa biyar ce a hoton, Baba."

Ya tuna hoton. Ya tuna yadda ya yi ta karkata wayar don kada akwatin ya fito, yana jin kansa gwanin dabara.

"Kin gani, kuma kin san abin da zai faru?"

"Na yi tsoron haka."

"To me ya hana ki magana? Dabbobinki ne fa! Kya zuba ido ana danne miki ita ki yi shiru?"

"Na ɗauki waya zan faɗa," ta ce. "Sai ka kira kana dariya, kana ba ni labarin yadda suke cin tsutsa. Tun rasuwar Mama ban ji ka yi dariya irin wannan ba. Sai na kasa. Na ce bari in dawo kawai in raba su da kaina, ba sai na ɓata maka rai ba."

Mai gilashi ya dubi ƙaramar a ƙarƙashin fitilarta. Yarinyar nan da ke tashi da sassafe ta duba ko fitilarsu na ci, ita ce ta ga ƙafa ta biyar ta haɗiye, ta kwana da abin a ciki makonni, don kada ta rage masa dariya. Bai ji daɗin wannan ƙaunar ba ko kaɗan. Tsoro ta ba shi. Ya shiga tunanin sau nawa ta ce masa "To, Baba" a rayuwarta, da kuma irin "to" ɗin da take nufi.

"Auta."

"Na'am."

"Mutanen asibitin nan, kin ba su amsa?"

"Gobe zan je in ce musu na gode. Na ma fara haɗa kayana."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Kina son aikin?"

Wani mai babur ya yi ham a can inda take.

"Baba, ai ka ce..."

"Na san abin da na ce, ina wurin. Ke nake tambaya. Kuma kada ki ce mini to."

Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka. "Ina so, Baba. Wallahi ina so. Shugabar ɗakin gwajin ta ce za ta koya mini sabon injin da aka kawo. Ɗakin kuma yana da taga mai kallon bishiyoyi, har na je na gan shi sau biyu."

Har ta je ta gan shi, shi kuwa yana nan yana zaɓen launin fenti. Ya cire tabaransa ya riƙe a hannu. Falon ya yi dishi-dishi, kuma ya gode Allah da ba ta ganinsa.

"To gobe ki je ki ce musu kin karɓa."

"Kai fa? Wa zai..."

"Ni da ƙafata da sana'ata? Ga Mai walda nan, ko na so kaɗaici ba zai bar ni ba. Ki kwance kayanki. In wannan ta warke ta fara ci, zan shigo mota in kawo miki su, in ga tagar taki ko an sa mata gilashin kirki."

"Baba, ɗakin ƙarami ne fa. Akwati ɗaya kawai zai ɗauka."

"Wacce zan kawo?"

"Ƙaramar. Ka riƙe babbar, ta saba da kai."

Ya juya ya dubi babban akwatin. Tana nan bisa dutsenta, ta cika shi ita kaɗai, da wannan murmushin nata na wadda ba ta san ta yi wa kowa laifi ba.

"Ai dole ta saba," ya ce. "Halinmu ɗaya."

Auta ta fashe da dariya a tsakiyar titi, dariya sosai, har tana tari. Ya manna wayar a kunne yana saurare, ya toshe bakinsa da hannu don kada ta ji abin da shi yake yi.